Kwamfutar Surukata da Bargon Alhaji

Ko zan manta da sauran ranakun aikina, ba zan manta da ranar da na durƙusa na gaida kwamfuta a gaban mutane ba. Ku da kuke koyon aiki a hannuna kun sha jin gutsattsarin labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji shi daga bakina, tunda ni na yi abin.

Sunana Sabi'u, amma in ka shigo unguwar Banikanni a Parakou kana neman Sabi'u sai ka sha yawo. Ka ce Injiniya, kowane ɗan zem, wato ɗan acaɓa, zai sauke ka a ƙofar shagona. Ba wata jami'a ce ta ba ni sunan ba. Na fara ne a matsayin aparanti, wato mai koyon aiki kamar ku, wurin wani patron, maigidan shago, kusa da kasuwar Arzèkè. Na yi shekaru ina share shago ina miƙa masa sukundireba, har aka yi mini liberasiyon, bikin da ake yi wa mai koyo a sallame shi ya zama mai gidan kansa. Sunan Injiniya kuwa ni na sa mai fenti ya rubuta a allon shago, jama'a suka yi mini kara suka bi.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, bari in yi ɗan bayani. A cikin tsohuwar kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe mai girman tafin hannu, mu diski muke ce masa. Nan ne ma'ajiya. Hoto, murya, takarda, duk abin da aka adana yana can. A cikinsa faifai ne ke juyawa da gudu, da wata 'yar allura mai karanta abin da ke kai. Abin da ke juyawa dole ya ɗau zafi, in kuma zafin bai samu hanyar fita ba sai diski ya fara nauyi, ya riƙa ƙamewa, a ƙarshe ya fara ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas. In ka ji wannan, to fara salati. Rigakafin ba shi da wuya. A bar wa na'ura sarari gaba da baya, kar a manna ta da bango, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure mata ƙura, a tabbata fankar cikinta tana juyawa, in rana ta take a kashe ta ta huta. Sama da duka, kada a rufe ta tana aiki.

A kan wannan na ƙarshen na yi suna da faɗa. Mutanenmu in suna son abu sai sun rufe shi. Talabijin da mayafinta, firji da nasa, kwamfuta kuwa har leshi ake yanka mata a yi mata baki da zare. Na taɓa tsayar da wani babban ɗan kasuwa daga unguwar Ladjifarani a gaban yaransa, na tambaye shi ko zai yarda a sa masa manyan riguna uku ya yi gudu da tsakar rana. Mutumin bai sake dawowa ba, ni kuma na yi mako ina ba da labarin ina jin daɗi. Duk wanda ya kawo gyara, tambayata ta farko guda ce, ku ma kun haddace ta: a ina take zama? Ku riƙe wannan tambayar, za mu dawo kanta.

Matata Zaliha 'yar Djougou ce, Zugu in ji tsofaffi. Mahaifinta, Alhaji, Allah ya ji ƙansa, dillalin shanu ne. Daga Nijar ya biyo garke da ƙafa yana saurayi, ya ga wuri ya zauna. Lokacin da abin nan ya faru ya ɗan kwana biyu da rasuwa. Ya bar Inna, surukata, da ƙanin matata Lawali, direban motar shanu, mutumin da bai taɓa barina na sha ruwa lafiya ba saboda tsokana. Gidan na mutanen da ne, suruki iyakarsa zaure. Tun da na auri 'yarsu ban taɓa leƙa ɗakin Inna ba, ban taɓa cin abinci tana gani ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Takan zo bayan labulen ƙofar zaure, ni kuma in tuɓe takalmi in durƙusa, mu gaisa da labule a tsakani. Ba ta kama sunana. Baban Nafisa take cewa, da sunan 'yata ta fari.

Wata rana cikin bazara, ana gab da azumi, Lawali ya kira ni a waya.

"Injiniya, odinatar Inna ce ta ƙi. In ta kunna ta ɗan jima sai ta ƙame, sai an cire kuran, an yanke mata wuta."

"Wace odinata? Tsohuwar kwamfutar nan taka ta makaranta?"

"Ita hwa."

"Me Inna take yi da ita?"

"Saurare take, bayan la'asar."

Na ce a raina karatun malamai ne ko wa'azi, irin wanda ko a kasuwa za a zuba maka a waya. Ban ƙara tambaya ba. Ran Asabar na ɗau jakar aiki na hau taksin Djougou, na sa riga mai kyau don aikin surukai ba a zuwa masa da rigar shago.

Zauren gidan ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, ga bishiyar dogon yaro a bakin ƙofa. Ko da rana ta fi ƙarfi, iska na ratsa shi. Bayan mun gaisa da Inna, Lawali ya shiga ya rungumo kwamfutar ya ɗora a kan benci. Na kwance ta, na hure ƙura, na haɗa, na kunna. Ta tashi sumul. Na duba zafin diski, daidai yake. Na bar ta tana aiki tun azahar har aka kira la'asar, ko tari ba ta yi ba. Ban buɗe ko fayil ɗaya ba, don wa zai yi bincike a kayan surukansa? Da ta wani ce, da na san har kalar rigar da ya sa ran bikinsa.

Tambayar nan tawa kuwa ta zo har bakina, na haɗiye ta. Amsarta tana cikin ɗakin Inna, ni kuma ko a zuci ban saba shiga ɗakin nan ba. Ta yaya zan dubi Lawali in ce ya siffanta mini ɗakin uwarsa, ina gado, ina taga? Sai na ga kamar rashin ta ido ne. Na ce wa kaina ai gwani ba sai ya yi tambaya ba.

Inna ta yi gyaran murya a bayan labule. "Baban Nafisa, mi ka gani?"

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Ƙura ce kawai, na fitar."

"To madalla. Allah shi yi albarka."

Aka turo mini sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun nono, soyayye. Na jira sai da na ji takunta ya yi nisa, sannan na yi wa kwanon aika-aika.

Ban cika mako da dawowa ba Lawali ya sake kira, ciwon jiya ya dawo. Na koma. Aka fito da ita zaure, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Tunda ba zan yi wannan doguwar tafiya in zauna hannu sake ba, na cire fankarta, wadda ba abin da ya same ta, na sa sabuwa. Na kuma ƙara wata ƙaramar fanka daidai gaban diski. Lawali yana tsaye yana kallona, ya ce, "Wallahi Injiniya, tsoronka take ji. Ko kuwa kunyarka ce, kamar Inna. Da ta gan ka sai ta natsu." Na yi dariya irin ta manya, na ce ai ƙarfe ma ya san mai shi.

A zuwa na uku na ɗora wa wutar lantarki laifi. Na sayo na'urar daidaita wuta, na tsaya a zaure na yi wa tsofaffin da ke zama gindin dogon yaro lacca, rabi Hausa rabi Faransanci, a kan yadda wuta ke hawa da sauka. Ba wanda ya gane, har ni. Wani dattijo abokin marigayi ya girgiza kai ya ce akwai mutanen da Allah ya sa wa albarka a hannu, abu ya lalace su taɓa ya tashi. Ya aika gida aka kawo masa rediyonsa da ta daina magana. Na karɓa na jujjuya ta, ashe batir ne ya goce, ta kama magana a hannuna. Aka yi kabbara. Ban ce musu batir ba ne. Na dawo Parakou ina taku ɗai-ɗai, har Zaliha ta tambaye ni ko naɗa ni aka yi a hanya.

Ku lura da abu guda. Duk zuwan da na yi, na tafi na bar wa diskin nan ƙarin yammaci na azaba, kuma da sa albarkata.

Azumi ya kama. Wata rana bayan la'asar ina kwance a tabarma a gida, Zaliha tana dama kunu a gefe, Lawali ya kira. Wannan karon babu tsokana a muryarsa. Ya ce, "Saurara," ya kara wayar jikin kwamfutar. Na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na ce masa, ko tashi zaune ban yi ba, "A to, diski ne ya gaji. Kashe ta. Zan kawo sabo in zuba wa Inna duk karatun da take so, har da ƙari."

Na ji ludayin Zaliha ya tsaya.

"Wane karatu?" in ji ta. "Muryar Baba ce a ciki."

Na tashi zaune. Ta ce tun Lawali yana makaranta yakan sa wa Alhaji makirfo in yana hira da yamma a tsakar gida, ya ɗauka a kwamfutar. Labarin tahowarsa da shanu, addu'o'insa, faɗansa, dariyarsa, duk suna ciki, har zuwa watannin ciwonsa. Ba a taɓa kwafa su ko'ina ba. Muryar nan Inna take kunnawa kullum bayan la'asar, lokacin da suka saba zama su biyu.

Sau uku diskin nan yana gabana da lafiyarsa, ga waya ga ma'ajiya a jakata, kwafe muryar kuwa aiki ne da bai fi a sha shayi a tashi ba. Sai a lokacin, da murya ƙasa-ƙasa, na yi tambayar da nake yi wa kowane baƙo tun bai zauna ba.

"Zaliha, a ina take zama?"

"Cikin kabad ɗin Inna mai gilashi, tsakanin tangaran. Tana rufe ƙofar don ƙura. Kuma tana lulluɓe ta da bargon Baba."

"Bargo? Tana aiki?"

"Tana aiki mana."

"Kuma ba ki taɓa gaya mini ba!"

Ta dube ni, irin kallon da mace ke yi wa miji in ta ga yana neman wanda zai ɗora wa kaya. "Injiniya, ka taɓa tambayata? Kullum ka dawo labarin albarkar hannunka muke sha."

Kwamfutar ba tsorona take ji ba, ba kuma kunyata ba. Zaure take so. Duk ranar da na je ita ce ranar da ake cire mata bargo a fito da ita ta sha iska. Fankar da na ƙara kuwa, a cikin rufaffen kabad, zafi kawai take juyawa daga wannan lungu zuwa wancan. Na ce wa Lawali ya cire wayar wuta, kada kowa ya kunna ta ko da Inna ce ta ce.

Washegari da sassafe muka kama hanya ni da Zaliha. Rigar shago na sa.

Ga yadda ake yi wa diski mai ƙara, ku riƙe. Ba a sake tayar da kwamfutar da shi. Cire shi ake yi a haɗa da wata na'ura, a kwashe abin da ya fi muhimmanci tukuna, kaɗan-kaɗan. Kana yi kana taɓa shi da bayan hannu, in ya ɗau zafi ka tsaya ya huce. Masu cewa a sa shi a firji kada ku saurare su, raɓa ce za ta ƙarasa shi. Na shimfiɗa shi tsirara a kan benci, na kafa masa fankar tsaye, na haɗa da ƙaramar kwamfutata, na yi bisimilla.

Ya fara bayarwa, yana yi yana tsayawa. Wasu fayilolin su wuce, wasu su cije. Wajen azahar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ƙaramar kwamfutata tana da caji, amma diski ya fara ɗumi. Ina ta zare ido, sai na ga hannun Inna ya turo mafici na kaba ta ƙarƙashin labule. Haka Injiniyan Banikanni, da jakarsa cike da kayan aiki, ya zauna yana yi wa ƙarfe fifita da bakin azumi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. In hannuna ya gaji Lawali ya karɓa. Tsofaffin gindin dogon yaro suka matso bakin ƙofa suna kallo. Dattijon nan mai rediyo ya ce in ɗora hannuna a kai kawai mana. Na ce masa yau hannun yana hutu.

Can Inna ta yi magana. Ashe tun safe tana zaune a bayan labulen.

"Baban Nafisa, na shayi ya hito?"

Na dubi Lawali. Ya raɗa mini cewa akwai guda da ta fi so, wanda Alhaji yake kiranta ta kawo shayi. Da shi take farawa kullum. Ya nuna mini shi. Yana cikin waɗanda suka cije.

Na ce, "Yana hanya, Inna." Ban san da wane baki na faɗa ba.

Na gwada, ya tafi rabi ya tsaya, diski ya yi ƙwas. Na kashe, muka yi ta fifita har ƙarfen ya yi sanyi. Na sake gwadawa, ya tsaya a wuri guda. Ban taɓa jin tsoron aiki kamar ranar ba. Ba kunyar da zan sha nake ji ba, wannan na riga na sha ta. Tunanin in buɗe baki in gaya wa matar da ke bayan labulen nan cewa mijinta ya sake yin shiru, shi ne ya fi damuna. Muka bar shi ya huta har muka yi sallar la'asar. Da muka dawo aka kawo wuta, fanka ta tashi. Na ce ya Allah, na danna. Layin da ke nuna tafiyar kwafin ya ja jiki, ya kai inda yake tsayawa, ya yi jim, ya wuce.

Ƙa'idar aiki ita ce ba ka cewa fayil ya fito sai ka buɗe shi ka ji. Na danna, na manta sautin na'urata yana ƙarshe. Sai ga tarin Alhaji ya cika zauren, tarin nan nasa mai kauri da kowa ya sani. Ashe ranar da aka ɗauki maganar wani ne ya yi sallama a waje. Muryar ta ɗaga, sak kamar yana tsakar gida:

"Wa ke nan zaure?"

Wallahi ban san lokacin da na zame daga kan benci na durƙusa ba, kaina a ƙasa. Na ce, "Ni ne, Baba. Barka da hutawa."

Lawali ya fashe da dariya har ya kwanta a ƙasa. Tsofaffi na dariya, Zaliha na dariya a bayan labule. Ni kuma ina durƙushe gaban na'ura, na rasa yadda zan tashi da mutunci. Muryar ba ta jira mu ba, ta ci gaba.

"Hajiya, shayin nan hwa? Ko sai na mutu za a kawo?"

Sai ga muryar Inna daga nesa a cikin na'urar, tana dariya. "In ka mutu, wa zan dahwa ma?"

Dariyar zauren ta ɗauke. Lawali yana nan kwance inda yake, amma ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa. Dattijon mai rediyo ya juya ya koma gindin bishiya. Ni ma idona ya kawo ruwa, ban ɓoye ba.

Kafin magariba na kwashe mafi yawa. Kaɗan daga na ƙarshe-ƙarshe, na watannin ciwonsa, ba su fito ba, kuma ba za su fito ba har abada. Da tun zuwan farko na kwafa, da suna nan. Abin da ya samu na zuba shi a sabon diski, na zuba a 'yar ma'ajiya ta aljihu, na zuba a wayar Lawali da ta Zaliha. Na ce musu ai yanzu Inna za ta iya ji a waya. Zaliha ta ce ba za ta yarda ba, a gaban wannan na'urar Alhaji ya zauna ya yi magana, a bakinta take son ji.

To, saura babban aikin. In aka mayar da ita kabad aka lulluɓe, sabon diskin ma hanyar tsohon zai bi. Dole a gaya wa Inna. Na ce wa Lawali ya gaya mata. Ya ce, "Ni direba ne, kai ne Injiniya." Na kira Zaliha gefe, ta ce, "Kai da kake korar alhazai daga shago a kan leshi? Ga ta nan, yi mata faɗan."

Na durƙusa gaban labule. Na ce, "Inna, wato ita na'ura, yadda Allah ya yi ta, wato ba Allah ya yi ta ba, mutane suka yi ta, amma dai ita iska, kowa yana bukatarta." Na yi ta kewaye har ni kaina na ɓata. Lawali ya fita waje don kada dariya ta kashe shi.

Inna ta bar ni na gama shirmena, sannan ta ce, "Baban Nafisa, shigo ka gani da idonka. Yau likita kake, ba suruki ba."

Na shiga, idona a kan tabarma. Ɗaki ne tsaf, yana ƙamshin turaren wuta. Ga kabad ɗin, an kwashe tangaran na tsakiya an yi wa kwamfuta gurbi, an huda 'yar ƙofa a baya don waya. A gurbin ga bargo a naɗe, na ulu, ruwan ƙasa, mai kauri, gefensa ya soma zarewa. A kusa da shi kuma ga na'urar daidaita wutar da na kawo da hannuna, wadda ita ma zafi take fitarwa. Wato ni na ƙara wa murhun itace.

Na ce, ban ɗago ba, "Inna, bargon ne, da kabad ɗin. Zafi ne yake kashe ta. In ba ta sha iska ba, za mu sake rasa shi."

Ta miƙa hannu ta ɗauko bargon ta ɗora a cinya.

"Na san ƙarhe ne, ban haukace ba," in ji ta. "Amma Alhaji bai son sanyi. Ko cikin bazara sai na ruhe mishi ƙahwa kahin shi yi kwana. Hannuna ne ya saba." Ta shafa bargon. "Ashe ni ke dahwa shi."

Na ce, "A'a, Inna. Ke abin da kike so kika rufe. Ni aka kira, ni ne ban tambaya ba." Daga nan na gaya mata waɗanda suka ɓace, don ban so ta nema ta rasa. Ta tambayi Lawali waɗanne ne, ya faɗa mata. Ta ce, "Waɗannan ina da su nan," ta dafa ƙirjinta. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka samo ƙaramin tebur muka ajiye kusa da taga, nesa da bango kamar tafin hannu biyu. Na ɗora kwamfutar a kai ba komai a jikinta. Na nuna wa Lawali inda zai riƙa hure ƙura, na ce in rana ta yi tsanani a jira ta ɗan yi sanyi kafin a kunna. Na fito da baya-baya na koma zaurena. Tun daga ranar ban sake shiga ɗakin ba, gaisuwarmu ta koma bayan labule kamar da. Kwamfutar kuwa ba ta sake ƙamewa ba, kuma ba wanda ya sake kawo mini rediyo in taɓa.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba mai yawa ba ne. Na'urar da aka kawo maka shago ko zaure ba ita ce na'urar da ke gida ba, don haka ka tambayi inda take zama ko da ɗakin wa ne. Kunya tana da wurinta, amma akwai yadda ake tambaya da ladabi, kuma ga shi amsar tana kwana a gidana ban nema ba. Kafin ka taɓa sukuru, ka tambayi abin da ke ciki ka kwafe shi. Har gobe ina hana mutane rufe kwamfuta, wannan ba zan daina ba. Sai dai yanzu in na ga an shigo da ita cikin leshi, kafin in ɗaga murya nakan ce, me ke cikinta? Sau da yawa amsar takan sa in sauke muryar.

Bargon yana nan. Zaliha ta ce kullum bayan la'asar Inna takan buɗe taga, ta kunna na'ura, ta zauna a kujera ta shimfiɗa shi a kan ƙafafunta, ko da zafin bazara ya kai inda ya kai. Gumi na zuba, Alhaji na neman shayi, ita tana saurare. Ni da na fi kowa a Banikanni sanin illar zafi, ban ce a cire ba.